Taguwar Falke Mijinyawa

An ruwaito a cikin wani tsohon kundi da na gada wurin kakana cewa an yi wani sarki a Birnin Ƙarau, sunansa Marzuƙu. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, masu magani suka ce babu abin da zai tashe ta sai nonon raƙumi mai ɗumi. Wani falke mai suna Mijinyawa ya ji labari, ya ware farar taguwa daga ayarinsa, ya kai fada kyauta.

Kwana biyu ana tatsa, ran na uku taguwa ta durƙushe. Mai kiwonta ya dafa ƙirjinta, ya ji zuciyar tana gudu, can ta yi sanyi kamar za ta tsaya, can ta sake zabura. Kafin azahar ta mutu. Washegari mahaifiyar sarki ta cika.

Baƙin ciki ya rufe wa sarki ido, ya ce falke ne ya kawo dabba mai guba. Dogarai suka kama Mijinyawa, suka doke shi har suka karya masa ƙafa. Aka feɗe taguwa, aka tarar zuciyarta lafiya lau, hanta da hanji ba tabo.

Waziri Haladu ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba a ga guba ba."

Sarki ya ce, "To, a gaya mini abin da ke tsayar da zuciyar da ba ta da aibu. In rana ta faɗi gobe ba amsa, a sare kan falken."

An ce malamai da bokaye suka yi ta magana, ba wanda ya gamsar. Da hantsi sai ga wani tsohon mahauci, Nomau, yana dogara sanda. Ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da karatu, sai abin da hannuna ya taɓa. A yi mini izini in ba da labari."

Aka yi masa izini. Ya ce, "Kafin in kama fawa, na zauna da wani masunci a bakin gulbi, yana kiwon agwagi. Wata rana ya ce in riƙe ɗaya, in sa yatsa a ƙirjinta, in tsoma kanta cikin ruwa. Nan take bugun ya ragu, sai ɗai-ɗai. Na ɗago ta, ya dawo daidai. Akwai wata kuma da reshe ya faɗo mata a ƙeya, ba ta mutu ba tukuna. Na tsoma ta, zuciyarta ba ta san an shiga ruwa ba, tana ta harbawa ba tsari. Da maraice ta mutu. Muka buɗe kanta, muka ga jini ya daskare a gindin ƙwaƙwalwa, inda kai ya haɗu da wuya. Shekara arba'in ina yanka tun daga nan. Zuciya takan buga da kanta, na sha ganin ta kunkuru tana motsi a cikin ƙwarya. Amma mai ce mata yi sauri ko sassauta yana can ƙeya, jijiyoyi ne ke sauko da umurninsa. A duba kan taguwar."

Aka kawo kan, Nomau ya fasa shi a gaban jama'a. Ga gudan jini baƙi ƙirin a gindin ƙwaƙwalwa, ƙashin wurin ya tsage.

Sarki ya tambaya ko wa ya buge ta. Sai mai kiwo ya ce, "Zaki, ranar da ka ce a shigar da ita cikin gida a tatsa a gaban mahaifiyarka, ƙofar ta yi mata gajarta. Muka danne kanta, ta fizge, ƙeyarta ta daki itacen saman ƙofa."

Sarki ya ce, "Ni na ba da umurnin nan. Waziri ya ce a tatsa a waje, na ƙi."

Ya sa aka yafa wa Nomau alkyabba, aka naɗa shi Sarkin Fawa. Aka ɗauko Mijinyawa a kan ƙyaure, sarki ya sauko daga karaga ya roƙe shi gafara.

Falke ya ce, "Na yafe, ranka ya daɗe. Sai dai ayarina ya tashi jiya, ƙafar nan kuwa ba za ta sake taka hamada ba."

Ya zauna a Ƙarau cikin ciyarwar fada shekara shida, ya rasu bai ƙara ganin iyalinsa ba. Mai kundin ya rufe da cewa wanda aka ba iko ya binciki abin da shi kansa ya umurta kafin ya nemi mai laifi a waje. Allah ya kiyashe mu hukunci cikin fushi.