Mahaucin da Boka Ya Hana Wanke Bindiga

An yi wani mutum a nan Agege, mahauci ne a abbatuwa, wato mayanka. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma wasunku sun sha sayen nama a teburinsa.

Yana da bindigar toka da ya gada wurin mahaifinsa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Ranar da ba shi da yanka sai ya naɗe ta a buhu, ya nufi dajin Ogun, ya dawo da gada ko gyazbi.

Duk mai irin wannan bindiga ya san haƙƙinta. Albarushi idan ya ƙone yana barin baƙar dauɗa a cikin bututu, dauɗar kuma tana jan laima. Ga Legas, iskarta ma gishiri gare ta. Don haka ranar da aka harba, ranar ake wankewa. A ɗura tafasasshen ruwa da ɗan sabulu, a naɗa tsumma a sanda ana turawa ana ja har ruwan ya fito fari, a busar da ita sarai, sannan a shafe ciki da waje da mai. Shekara goma sha ɗaya yana haka, bindiga ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Sai wata damina ya fita sau huɗu a jere yana kuskure. Bai ce rabo ne bai zo ba, ya ce hannu aka sa masa. Ya tafi wajen wani boka a bayan Sango. Boka ya yanka baƙin zakara, ya tsiyaya jinin a bakin bindiga, ya ɗaura mata laya, ya ce, "Daga yau ka daina kuskure. Amma kada ruwa ya sake taɓa ta. Ranar da ya taɓa, magani ya karye."

Ya 'yan uwa, wa ke ba harsashi hanya? Zakara?

Fita ta gaba ya samu gada biyu, ya ce magani ya ci. Allah kuwa yakan yi wa bawa talala. Daga nan bai ƙara wanke cikinta ba. Waje kawai yake gogewa da mai, tana ta ƙyalli.

Bayan shekara guda kunamar bindigar ta sassauta, ya kai wa Idrissa, wani maƙeri mutumin Maraɗi da ke wasa wa mahauta wuƙaƙe. Idrissa ya zura tsumma a bututun, ya fito jawur.

Ya ce, "Oga, tsatsa ta ci wannan daga ciki. Bari in wanke, in duba ko ƙarfen zai ƙara ɗaukar wuta."

Mutumin ya ce, "Kunama na kawo maka. Cikinta ba ruwanka."

Idrissa ya ce, "To, ranar da za ka harba, don Allah ka sanar da ni in matsa nesa."

Mahaucin ya yi dariya, ya karɓi abarsa.

Wata Talata da hantsi, wani bijimi ya tsinke igiya a abbatuwa, ya watsar da mutum biyu, ya nufi titi inda mata ke kasa kaya. Aka ce a kira mai bindiga. Ya zo da gudu, ya ɗura albarushi ninki biyu saboda girman dabbar, ya saita, ya ja kunama.

Bututun ya tsage daga gindi. Yatsu huɗu na hannunsa na hagu suka tafi, idonsa na dama ya tsiyaye. Bijimin ko ƙwarzane bai yi ba. Ya bi ta kan wata tsohuwa mai gasa masara, ya karya mata ƙugu, kafin masu shanu su kama shi da igiya. Waɗanda suka ga ɓaraguzan sun ce ƙarfen ya zama kamar gwangwanin madara don rashin kauri.

Kuna tsammani ya tuba? Da aka sallame shi daga asibiti, wajen boka ya fara zuwa. Boka ya ce, "Ruwa ya taɓa ta. Ka bincika cikin gidanka."

Ya dawo ya tsare matarsa Hajo, ya ce ita ta fantsa wa bindiga ruwa garin wanke ɗaki. Ta rantse ba ta taɓa kusantar lungun ba. Ya sake ta. Ta kwashi 'ya'yansu uku ta koma Funtuwa. Mahauci ba ya fawa da hannu ɗaya, aka ba wani teburinsa. Yanzu a bakin layin dogo yake wuni, yana jiran wanda ya san shi ya wuce.

Ya bayin Allah, tsatsa ba ta tsoron laya. Allah ya halicci ƙarfe, ya halicci laima, ya ba mutum hankalin da zai san ruwan zafi da mai ne maganinsu. Mutumin nan ya san haka sarai. Ya bar abin da ya sani ya bi maganar boka, ya jingina rabonsa ga wanin Allah. Wannan ita ce shirka, kuma ta cinye hannunsa da idonsa da gidansa, ta haɗa da tsohuwar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Wanda ke da laya a aljihu ko a kan kayan sana'arsa, ya kwance ta yau tun yana da yatsun kwancewa.

Allah ya ba tsohuwar nan lafiya, ya shiryi wannan bawa nasa kafin ajali. Allah ya kiyaye mu daga bin boka, ya sa mu cika da imani. Amin.