Gaisuwar Shanun Sarki

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya yi wa baiwar natsuwa har ka iya zama wuri guda ka saurari dattijo, a wannan zamani da yaro ke katse wa kakansa magana, ina yi maka sallama irin ta mutanen kirki, ina kuma roƙon ka gyara zama. Ni da kake ji na yi karatu a hannun malaman da ba sa barin harafi ya wuce ba a ba shi haƙƙinsa ba, na kuma zauna a majalisu har gwiwoyina suka gaji da tanƙwasawa. Saboda haka idan na ce maka ladabi ado ne, na san abin da nake faɗa. Amma na yi tsawon ran da na ga inda ado ya yi wa mai shi nauyi har ya kayar da shi. Za ka ji na ambaci wani al'amari na dabbobi wanda wasu ke sunkuyar da kai idan an taɓo shi. Kada ka ɗauka na manta da tarbiyyata. Wanda duk ke son kindirmo a ƙwaryarsa, tilas ya yarda a yi maganar saniya da bijimi a gabansa.

A zamanin da, a wata ƙasa mai yalwar fadama da makiyaya, an yi wani Sarki mai suna Mainasara, wanda cikin dukiyarsa duka bai haɗa garken shanunsa da komai ba. Al'adar gidansu ce tun kakanni, kowace safiya a kawo babbar ƙwaryar madara mai ɗumi fada, Sarki ya kurɓa, a raba sauran ga masu jego da marasa lafiyar gari. Wata shekara wani sarki maƙwabci ya aiko masa da kyautar bijimi, jibgege mai tozo kamar tulu. Don tsananin murna, Sarki ya kafa doka: a fitar da sauran bijimai daga garke, domin kada a haifi maraƙi sai na wannan, kuma a ɗaure shi a bargar fada tare da dawaki, ba mai kwance shi sai da izini daga bakin Sarki.

Damina ta wuce, rani ya bi ta. Maruƙan da ke tsotso suka girma aka yaye su, iyayensu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, sabuwar haihuwa kuwa babu. Ƙwaryar da ake ɗauka da hannu biyu ana tafiya a hankali kada ta zube, ta koma ana leƙa gindinta kafin a ga fari.

Wazirin Sarki a lokacin wani tsoho ne mai suna Jatau, wanda ya yi wa mahaifin Sarki hidima kafin shi. Ƙafafunsa sun kumbura da tsayuwar fada, kunnuwansa sun ƙoshi da ƙararraki, kuma ba abin da ransa ke so irin ya ajiye rawani ya koma ƙauyensu, inda yake da 'yan shanunsa da inuwar tsamiya. Ranar da ya yi niyyar roƙon sallama, ranar ce Sarkin Shanu, wani mutum mai suna Tanimu, gwanin magana mai yawan turare, ya faɗi a gaban Sarki ya ce:

"Allah ya ba ka nasara, ciyawa tana shiga, ruwa yana shiga, kanwa ba ta yanke ba. Idan nono bai iso fada ba, to ya sauka a hanya. Ardo Manu da matan gidansa su ne masu tatsa. Ban ce komai ba, Zaki, amma mai hankali ya gane."

Sarki ya juya wajen Waziri. "Baba Waziri, na ga bakinka yana motsi tun ɗazu, na kuma san abin da za ka roƙa. Ga sharaɗina. Ka gano mini inda nonon nan ya tsaya. Idan Ardo ne, in kore shi da iyalinsa daga ƙasata. Ranar da ƙwaryata ta sake cika, ranar za ka ajiye rawani, ba kafin nan ba."

Waziri ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." A ransa kuwa cewa ya yi, jakin da ya tsufa, a bakin ƙofar gida ake ƙara masa kaya.

Washegari bayan sallar asuba ya yafa tsohon bargo, ya tafi garke, ya zauna a kan wani kututture. Ya duba harawa da dusa, ya ga ba laifi. Ya duba kwamin ruwa, ya ga a cike. Ya kalli mata suna sakin maraƙin da ya rage ya ɗan tsotsa don nono ya sauko, su janye shi, su tsuguna su matsa hantsa, abin da ke ɗiga bai isa a jiƙa fura ba. Ba mai ɓoye ƙwarya a zani, domin ba abin ɓoyewa. Sannan ya bi shanun da ido irin na wanda ya tashi a cikinsu, ya ga duk sun yi ƙiba, fatarsu tana sheƙi, amma ba ɗaya mai ciki.

Ya kira Ardo Manu, wani dogon tsoho da sanda a kafaɗa. "Ardo, ashe shanunka sun zama 'yan fada, ci da kwanciya kawai? Yaushe rabon bijimin Sarki da garken nan?"

"Ranka ya daɗe, tun ranar da aka zagaya da shi aka nuna mana tozonsa."

"Ba kwa aikawa ne idan saniya ta nema?"

"Muna aikawa har mun gaji. Sarkin Shanu ya tafi, ya dawo ya ce Sarki ya amsa. Mu share wuri mu zauna jira, har saniya ta huce. Sau ɗaya na ce masa ko an manta ne, ya ce ba a tambayar Sarki abu sau biyu. Ni kuwa da ƙafafun nan masu kashin shanu, wa zai bar ni in taka shimfiɗar fada?"

Waziri ya ci gaba da zuwa kowace safiya, bayansa yana ciwo, har ranar da ya ga abin da yake jira. Wata saniya mai farin goshi da ake kira Kyalla ta ƙi kallon harawa. Tana kuka, tana zagaye garke, tana shinshinar 'yan'uwanta tana ɗare musu baya, wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa yana bin jelarta. Can wata ta hau ta, ita kuwa ta tsaya cak ba ta goce ba. Waziri ya san wannan tsayuwar. Ya kuma san ba ta wuce yini da ɗan abin da ya biyo baya, wanda ya bari ta kuɓuce sai ya jira kusan mako uku.

Da hantsi Sarkin Shanu ya iso. Bai shiga garke ba, ya tsaya daga bakin shinge ya tattare babbar rigarsa, ya toshe hanci da gefen rawani. Bai ko dubi tsohon da ke lulluɓe da bargo ba. Ardo ya ce masa, "Kyalla tana neman bijimi. Yau ake so, kafin rana ta faɗi."

Waziri ya sauya kaya, ya riga Tanimu isa fada, ya tsaya a mazauninsa. Tanimu ya shigo, ya faɗi, ya gyara murya.

"Allah ya ba ka nasara, baiwarka Kyalla ta tashi yau da begen fada, tana miƙa gaisuwa."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Mun amsa."

Waziri ya ji wata gajiya ta sauko masa tun daga wuya har tafin ƙafa. Shekara guda ke nan ana karanta irin wannan gaisuwa a fada, yau Kyalla, gobe Wake, jibi Guzuma, fadawa suna jinjina kai suna cewa mulkin Mainasara ya kai har dabbobi suna gaishe shi. Waziri ya matsa kusa da Sarki ya roƙi a ara masa bijimin na yini guda, kuma gobe a yarda duk abin da Sarkin Shanu zai faɗa ya biyo ta bakinsa. Sarki ya yi mamaki, amma ya yarda. Kafin la'asar an kai wa Kyalla bijimi.

Da safe Waziri ya gayyaci Tanimu karin kumallo, ya ajiye masa kilishi mai yawan barkono da gishiri, yana zuga shi. "Ci mana, Sarkin Shanu, bakin da ke yi wa Sarki magana mai daɗi ai ya cancanci a kula da shi." Kafin a kawo ruwa sai aka busa kakaki, Waziri ya ja hannunsa suka nufi fada. Aka zaunar da Tanimu daga bakin ƙofa, inda rana ke shigowa. A al'adar fadar kuwa, ba mai sha ko tashi kafin Sarki sai da izini.

Shari'a ta yi tsawo, rana ta take. Tanimu ya fara lasar leɓe. Ya yafito Waziri ya raɗa masa, "Don Allah, Waziri, ka nema mini izini in sha ruwa."

Waziri ya taka a hankali zuwa gaban Sarki. "Allah ya ba ka nasara, bawanka Sarkin Shanu ya tashi yau da begen fada, yana miƙa gaisuwa."

"Mun amsa," in ji Sarki.

Waziri ya dawo ya ce masa, "Sarki ya amsa." Tanimu ya zuba ido ga ƙofa yana jiran tulu. Tulu bai zo ba. Ya sake roƙo, Waziri ya sake kai gaisuwa, Sarki ya sake amsawa. Da Tanimu ya buɗe baki a karo na gaba, Waziri ya ce, "Haba, Sarkin Shanu, kai da ka fi kowa sanin ladabi? Ba a tambayar Sarki abu sau biyu."

Zufa ta jiƙe rawanin Tanimu, harshensa ya manne a ganɗa. Daga ƙarshe ya rarrafa tsakiyar fada, ya ce da murya kamar ta tsohon zakara, "Zaki, ruwa nake nema. Ba gaisuwa na aiko ba."

Waziri ya ce, "Abin da Kyalla ta ce ke nan jiya, ranka ya daɗe, sai dai ita bijimi take nema. Haka Wake ta ce, haka Guzuma, haka garken duka, shekara guda cur. Saniya ba ta nono sai ta haihu, ba ta haihuwa sai an kai mata bijimi a ranar da ta nema. Ka ce in gano inda nono ya tsaya. Ga shi nan, a bakin wannan mutum ya tsaya."

Aka ba Tanimu ruwa. Da ya sami murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wane ni in ambaci barbara a gaban Zaki, ga malamai, ga baƙi? Na ɗauka mai hikima irinka zai gane abin da nake nufi."

Sarki ya dube shi ya ce, "Da kunya ce kaɗai, da na yi dariya na yafe, domin ni ma dokata tana da nata rabon. Amma da ka ga ƙwarya ta bushe, ka san dalili, sai ka nuna mini tsoho da matansa ka ce ɓarayi ne. Wannan ba kunya ba ce." Nan take ya soke dokar, ya ce a mayar da bijimi cikin garke, ya kuma aika wa Ardo Manu da riga da goro.

Sai Waziri ya durƙusa, da ƙyar, ya kai hannu ga rawaninsa. Sarki ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Baba Waziri. Cewa na yi ranar da ƙwaryata ta cika. Kyalla kuwa jiya ta ɗauka, in ma ta ɗauka, sai ta yi wata tara. Maganar sarki ba ta komawa ciki. Abin da zan iya yi maka shi ne, kai ka kama mai laifi, kai za ka yanke masa tara."

Waziri ya zauna a ƙasa, ya rufe ido. Ya hango wata damina yana tsaye a fada, da wani rani a bayanta, da ƙafafunsa da ba su yi masa alkawarin kaiwa ba. Fadawa suka ɗauka barci ya sace shi. Can ya tuna da wani garke da ya sha wucewa ta gefensa a ƙetaren rafi, inda bijimi ke yawo ba ya neman izinin kowa, inda aka yi ta haihuwa a farkon damina. Ya buɗe ido ya dubi Tanimu.

"Sarkin Shanu, na ji an ce naka shanun ba sa aiko maka da gaisuwa."

Tanimu ya sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi mata biyu ne suka ɗauko ƙwaryar Sarki, suna tafiya a hankali kada ta zube. Sarki ya kurɓa, aka raba wa masu jego, Waziri Jatau ya kwance rawani ya ninke shi ya ajiye, ya hau jakinsa ya nufi inuwar tsamiya. Kuma domin kada ka tafi da tambaya a ranka, ya mai karatu mai daraja, ga tarar da ya yanke wa Tanimu, kamar yadda aka yi shelarta a ƙofar fada: shanun tatsa goma sha biyu daga garkensa na ƙetaren rafi, kowace da ɗan maraƙinta yana tsotso, ya koro su da ƙafarsa, su iso garken Sarki kafin tatsar safe.