Mutumin da Ya Fi Fiyus Wayo

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtuwa, wanda duk kudancin Katsina babu wanda ya kai shi sanin wutar mota. Shi da kansa ya tabbatar da haka, a tasha, a gaban jama'a. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da rai, yana da 'ya'ya.

Direba ne, yana da tsohuwar mota mai ɗaukar fasinja da kaya. Wata rana ya leƙa motar wani attajiri, ya ga cikinta na walƙiya da ƙananan fitilun nan na zamani, shuɗi da kore, jere kamar duwatsun wuya. Zuciya ta ce masa, kai ma ai mutum ne. Ya sayo irinsu a Funtuwa. Ya ɓare rufin motar ta ciki, ya fere wayar fitila da reza, ya murɗa sababbin wayoyi a kai, ya naɗe da ledar burodi, ya mayar da rufi.

Motar ta yi kyau, ya 'yan uwa. Kada mu yi mata ƙarya.

Bayan kwana uku rediyo ya ɗauke. Fitilun suka soma ƙifta ido duk sanda aka faɗa rami. Kullum safiya sai an tura motar. Sai fiyus ya ƙone, wato ɗan abin nan da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa don kada waya ta kama. Ya sa sabo, ya ƙone. Ya sa wanda ya fi shi ƙarfi, shi ma ya ƙone.

Da abokan tasha suka gaji da turi, suka matsa masa ya je wurin Kazeem mai gyaran wayoyin mota, Bayarabe haifaffen Funtuwa. Kazeem ya bi waya da fitilar gwaji, ya shinshina rufi, ya girgiza kai.

"Alhaji, waya ta goge tana taɓa ƙarfe a cikin rufin nan. Kuma layin fitilar ciki ba ya barci, ko ka zare makulli akwai wuta a jikinsa. Bar mini ita zuwa la'asar in kwance aikin in sake."

"Ka kwance aikin wa?"

"Na wanda ya yi shi, Alhaji. Ko wane ne, Allah ya shirye shi."

Masu zaman benci suka tuntsure da dariya. Dariyar nan ita ta shiga tsakanin direban da gaskiya. Ya ce, "Tun kana goye nake riƙe da sitiyari." Ya ja motarsa ya tafi.

A gida ya zare fiyus ɗin ya jefar, ya murɗa wayar tagulla mai kauri ya cusa a gurbinsa. Daga ranar ba abin da ya sake tsinkewa. Ya sanar a tasha cewa ya gano matsalar.

To, mutumin nan yana da yaya mace, Hansai, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya rasu. Yanar ido ta rufe mata na hagu, ta soma cin na dama, likita ya ce in an yi aiki bana za ta gani. Saboda haka, don ta samu kuɗin aikin, ta noma auduga a 'yar gonar da aka bar mata, ta tsince ta da hannunta, rabi da gani rabi da lalube.

Ranar da za a kai audugar Funtuwa, ya cika motar da buhuna har rufi, ragowar suna jingine a jikinta. Hansai ta ce, "Auta, ni kam ina jin ƙauri a motar nan."

Shi ma ya ji. Kwana biyu yana ji. Amma ya zai koma wurin Kazeem, a gaban bencin nan?

Ya ce, "Yaya, ƙamshin sabon aiki ne." Ya tafi sallar azahar.

Suna raka'a ta uku aka fara ihu. Kun san auduga da wuta. Kafin a ɗebo bokiti biyu daga rijiya, babu mota, babu buhu ko ɗaya. Ya tsaya ba takalmi yana kallon baƙin ƙarfe. Hansai tana bayansa tana tambayar mutane, "An fitar da wasu? Ku gaya mini, ba na gani sosai."

Yanzu yana tasha yana kiran fasinja wa motocin wasu. In an tambaye shi sai ya ce hassada ce.

Ya 'yan uwa, me ya ƙone motar nan? Fitila? Fitila ba ta da laifi. Girman kai ne. Allah ya aiko masa da gargaɗi ta rediyo, ta batir, ta bakin mai sana'a, ta hancin tsohuwa. Fiyus ya mutu sau uku don mota ta rayu, ya ɗauke shi abokin gaba. Mu nawa ne a nan muka cire mai faɗa mana gaskiya daga rayuwarmu, muka cusa mai cewa to a gurbinsa, muka ce mun huta? Kuma wa ya gaya muku mai girman kai shi kaɗai yake ƙonewa?

Hansai ba ta kai ƙara wurin mai gari ba, ba ta ɗaga masa murya ba. Idon dama ya rufe kafin damina. Yanzu tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar mutane da lalube, kuma duk yamma sai ta ce a zuba wa Auta tuwo, kada ya kwana da yunwa.

Allah ya kiyaye mu da kunnen da ba ya jin nasiha. Allah kada ya sa masu ƙaunarmu su ɗauki nauyin wautarmu. Amin.