Faɗan da Abdulrahim Ya Shirya a Muchia

Abdulrahim ɗalibin jami'a ne a Samaru, Zariya, yana karanta fim da wasan kwaikwayo. Yana da basira, wannan ba musu, sai dai girman kai ya yi masa katutu. In ka ba shi shawara sai ya saurare ka yana murmushi, ya gode maka, sannan ya je ya yi abin da ya ga dama.

A shekararsa ta ƙarshe aka nuna musu wani tsohon fim na Amurka, a kan wata unguwa da baƙaƙe da farare ke zaman doya da manja har rikici ya ɓarke. Abdulrahim ya fito daga aji yana cika baki cewa zai yi irinsa a Sabon Gari, kuma nasa zai fi. Shi ba ya son tsoron ƙarya na 'yan wasa. So yake kyamara ta kama tsoro na gaske a fuskokin mutane.

Ya samu mutum biyu a wani layi a Muchia, wata unguwa a Sabon Gari. Bappa mahauci ne, Amaechi kuma Ibo ne, yana sayar da kayan gyaran babur a shagon da ke jikin teburinsa. A Zariya aka haifi Amaechi, Hausarsa ma ta fi ta wasu Zage-zagi, kuma sun yi shekara da shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya da Bappa. Abdulrahim ya roƙe su su yi faɗan wasa na ɗan lokaci, Bappa riƙe da wuƙarsa. Suka yi dariya suka yarda, domin ya ce musu ya riga ya sanar da mai unguwa da maƙwabta. Ƙarya yake yi, bai sanar da kowa ba.

Susanna, 'yar ajinsu da ta tashi a Muchia, ta ja shi gefe ta gargaɗe shi. Ta ce a Sabon Gari in aka ji mutum ɗaya ya ja ƙofar shagonsa da ƙarfi, kowa rufewa yake ya gudu, sai daga baya a tambayi abin da ya faru. Ta roƙe shi ya fito da kyamara fili kowa ya gani.

"Ke ba ki san fim ba," in ji shi. "In sun san wasa ne, me zan ɗauka?"

Ranar Alhamis da rana ya ɓoye kyamara cikin mota. Bappa ya ɗaga murya da wuƙa a hannu, Amaechi ya ci kwalarsa. Wata mai shago da ke kallonsu ta ja ƙofarta da ƙarfi, nan take layin ya hargitse. 'Yan acaɓa suka kai labari unguwar Chikaji cewa mahauci ya yanka Ibo. Kafin labarin ya isa kasuwa ya juye, wai Ibo ne ya kashe mahauci. Iyaye suka yi ta gudu makarantu ɗauko 'ya'yansu.

Abdulrahim ya fito yana ihu cewa wasa ne, amma wa zai saurare shi? Matasa suka far wa shagon Amaechi da duwatsu, suka fasa shi, suka cinna masa wuta. Bappa ya tsaya a ƙofa yana rantsuwa yana kare abokinsa, har dutse ya fasa masa goshi. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Daga baya mai unguwa da liman da fasto suka zauna suka bayyana wa jama'a gaskiya, ƙura ta lafa. Amma Amaechi ya tattara iyalinsa zai koma Anaca, garin da bai sani ba sai da ziyara. Abdulrahim ya same shi a tasha, ya durƙusa yana kuka yana neman gafara.

"Tashi, ɗana, na yafe maka," in ji Amaechi. "Amma da can ban san akwai wanda zai iya jifata a layin nan ba. Yanzu na san su da sunansu, na san iyayensu. Ta yaya zan ci gaba da gaishe su kullum da safe?"

Bappa yana tsaye gefe da bandeji a goshi, ya kama wa abokinsa kaya har cikin mota, bai ko kalli Abdulrahim ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mutumin da bai yi wa kowa laifi ba shi ne ya rasa garinsu.

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Zaman lafiyar da ka tarar tsakanin maƙwabta ba abin gwaji ba ne, wasu ne suka gina shi da haƙuri na shekaru. Kada girman kai ya hana ka jin shawarar wanda ya san wuri, kuma kada ka yi wasa da tsoron mutane don neman suna. Ana iya yafe maka, amma yafiyar ba ta dawo da wanda ya riga ya tafi.