Mai Gadin da Sufyanu Ya Toshe wa Baki

Akwai wata baiwar Allah a Talata Mafara mai suna Taiba, mai rubuta manhajar kwamfuta. Har yau idan na tuna labarinta sai raina ya ɓaci.

Tana aiki a wani ƙaramin ofis da ya yi wa wata ƙungiyar manoman rani manhaja. Manhajar ce ke raba ranakun ban ruwa, mai buɗe kwatar ruwa zuwa gonaki kuma abin da ta fitar kawai yake bi. Wanda babu sunansa, babu ruwansa.

Sunayen manoman suna cikin wani jeri mai miƙewa, ɗaya daga kayan aikin da duk manhajojin ofishin ke ɗiba a rumbu guda. Irin wannan jeri yakan kama fili a ƙwaƙwalwar kwamfuta fiye da buƙatarsa, kamar buhun da ba a cika ba. Idan manhaja ta kai hannu inda babu komai, kwamfuta ba ta cewa uffan.

Wannan shirun ne ya hana Taiba sakat. Ta yi mako uku tana saka wa jerin mai gadi. Duk manhajar da ta taɓa filin da ba a cika ba, sai ya tsayar da ita, ya nuna layin da aka yi kuskuren.

Ranar farko da aka kunna shi, ya nuna wani layi da Sufyanu, ogan ofishin, ya rubuta. Ashe manhajarsa tana cusa sabon suna a wannan fili ba tare da ta sanar da jerin cewa ya ƙaru ba. Yau sunan na nan, gobe ya ɓace.

Taiba ta kai masa maganar cikin ladabi, ta ce akwai sababbin manoma goma sha uku da ruwa zai iya tsallakewa. Ko kallon allon bai yi ba.

"Shekara tara ina wanga aiki ba a taɓa kama ni da kure ba," in ji shi. "Abin naki ne ad da ciwo."

Ya kashe mai gadin da hannunsa, ya mayar da ita buga wasiƙu. Ta koma kujerarta zuciya na tafasa, amma ta yi shiru, wai kada a ce ta raina babba.

Bayan wata biyu sai ga Malam Umar, shugaban ƙungiyar, tare da wani dattijo mai suna Gajere. 'Yan bindiga ne suka taso dattijon daga Gidan Goga, ya samu ɗan fili a wajen Damri ya dasa albasa. Sau uku ruwa na wuce gonarsa. Ya shigo da busasshiyar albasa a hannu, kuma ita ce duk abin da ya dogara da shi bana.

Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiyar hanya. Sannan Sufyanu, ko kunya babu, ya ce laifin kwamfuta ne, a yi haƙuri.

Nan haƙurin Taiba ya ƙare. Ta tashi ta kunna mai gadin a gaban kowa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya tsayar da manhajar, ya nuna layin nan dai. Ta yi musu bayani tana jin haushin Sufyanu, tana kuma jin haushin kanta.

Gajere ya dubi Sufyanu. "Ɗana, ashe na'urar ta hwaɗa maka?"

"Ta hwaɗa, Baba."

"Yaushe?"

"Wata biyu da sunka wuce."

Dattijon ya ajiye albasar a kan tebur. "Waɗanda sunka kore ni gida sai da sunka ɗauko bindiga. Kai kana zaune bisa kujera ka ƙarasa ni."

A ranar Malam Umar ya ce ko a mayar da mai gadin a hannun Taiba, ko ƙungiya ta janye aikinta. Aka mayar, aka gano sauran sunaye goma sha biyu kafin gonakinsu su mutu. Gajere kuwa bai tsinci ko kwano guda ba a ranin nan.

Darasi: Wanda ya nuna maka kuskurenka ba maƙiyinka ba ne. Idan girman kai ya sa ka toshe masa baki, wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba shi zai kwana a ciki. Kai kuma da ka ga ɓarna, kada kunyar babba ta sa ka yi shiru. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da aikin jama'a.