Hannun Hansai Ungozoma

Ku gyara zama, jikokina, yau ku ne alƙalai.

A garinmu na bakin kogi, wata ranar kasuwa kwale-kwale ya kife da mutum goma sha bakwai. Hansai ungozoma ce ta wanke matan da aka tsamo, kuma rabinsu a hannunta aka haife su. Bayan jana'iza, duk wadda kuka ya ci ƙarfinta sai ta nufi ɗakin Hansai. Wata biyu tana saurare, tana rarrashi, ba wanda ya tambaye ta ita ya take. Ran nan aka kira ta wajen naƙuda, hannunta ya kama rawa. Ta koma gida ta juya fuska bango, ta daina magana, abinci ma sai an matsa mata.

Mijinta Nomau ya ajiye fatanya ana tsakiyar noma, ya shimfiɗa buzu a zaure. Duk mai zuwa da kuka sai ya ce, "Ku yi haƙuri, yau matata ma mai makoki ce." Aka zage shi, aka ce ya hana zumunci. Shi yake dama mata kunu, ya zauna kusa da ita, har ta fara karɓar ludayi.

Ƙawarta Tabawa kuwa turmi ta mirgino gindin tsamiya, ta bi gida-gida tana cewa, "Ke Uwani, fito! Kuka a ɗaki bai taɓa surfa gero ba." Kowace Alhamis matan da suka yi rashi suna daka tare, kowacce in ta ɗaga taɓarya sai ta ambaci sunan wanda ta rasa. Aka yi kuka, daga baya aka fara dariya. Nauyin da ke kan mace ɗaya ya rabu bisa mata ashirin.

Sai Lantana, ma'aikaciyar asibitin garin. Da mutane suka ce aljanun ruwa ne suka shafi Hansai, ta ce, "Ba aljani ba ne, gajiyar zuciya ce, kuma tana da magani." Ta kai ta wurin likita a birni, ta riƙa zuwa hira da ita mako-mako. Ta kuma koya wa mata huɗu karɓar haihuwa da sauraron mai damuwa, aka raba musu ranakun aiki, kowacce da ranar hutunta.

Da kaka ta yi, Hansai ta karɓi haihuwar 'ya mace, hannunta ko rawa bai yi ba. Ba baƙon da ya zo ya ɗaga mu, mu muka ɗaga kanmu. Ranar suna aka aiko mata da cinyar rago. Ta ce ba za ta ci ba, ta wanda ya dawo mata da hannunta ce, kuma ba za a raba ba.

To, Nomau, Tabawa ko Lantana, gidan wa za a kai cinyar nan?