Ladingo da Sabuwar Randa

Dalilin da ya sa kuke shan ruwa yanzu, an jima ku dawo kuna lasar leɓe, ba zafin rana ba ne kaɗai, yara. Ku matso ku ji inda abin ya samo asali.

A zamanin da, mutane ba sa jin ƙishi. Ruwa na girki ne da wanka. Ita Ƙishirwa wata tsohuwa ce busasshiya mai yawo gida-gida da sanda. Sau ɗaya a shekara take zuwa kowane gida, a ba ta moɗa guda ta sha, ta yi godiya ta wuce. Sharaɗinta ɗaya ne, kowa kuma ya san shi: gidan da ya bari rana ta faɗi bai ba ta ba, za ta shige maƙogwaron mafi ƙanƙanta a gidan ta nemi ruwan da kanta.

To, akwai wata mai ginin tukwane, Ladingo, wadda randarta ta yi suna har ƙetaren kogi. 'Yarta ɗaya tak, Tambai, wadda ta samu bayan shekara goma tana nema. Ladingo ba marowaciya ba ce, kada ku ɗora mata abin da ba nata ba. Cutarta guda: ta fi tsoron a kushe aikinta da a zage ta.

Ran nan tsohuwar randarta ta tsage, sai ta girke sabuwa ta cika ta da ruwa. Kun dai san ruwan farko na sabuwar randa, warin ƙasa yake yi, sai an zubar an sake. Tana cikin goge hannu ta ji sallama.

"Salamu alaikum, masu gida. A taimaka da moɗa guda."

Ladingo ta ga Ƙishirwa ce. Ta ce, "Sannu da zuwa, Iya. Zauna a inuwa, yanzun nan zan sake ruwan."

"Wannan na randar fa, 'yar nan?"

"Haba Iya! Ki sha wannan, ki je gaba ki ce ruwan gidan Ladingo wari yake? Ina!"

"Ni ban zo ɗanɗano ba."

Ladingo ba ta ko saurare ta ba. Ta tuntsurar da ruwan a tsakar gida, tsohuwa tana kallo ƙasa ta shanye shi. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Ga ruwa a tuluna, karɓi ki ba ta."

Ladingo ta ce, "Mai gina randa ta roƙi ruwa? Allah ya kiyaye."

Ta ɗauki tulu ta nufi kogi, kogin kuwa da nisa. Ta dawo ta zuba, ta sunsuna, ta yatsina fuska, ta sake zubarwa. Tsohuwa ta nuna sama da sandarta ta ce, "Rana tana tafiya fa." Ladingo ta ce saura sau ɗaya, ta sake fita da gudu.

Tana kan hanyar dawowa rana ta faɗi.

Ta iske sanda a jingine, babu tsohuwa. Tambai na zaune a ƙasa, leɓenta ya tsattsage, idanunta sun faɗa. Ta ɗago kai ta faɗi abin da wani ɗa bai taɓa faɗa wa uwarsa ba: "Inna, ruwa."

Ladingo ta juye tulun a randa, ta kamfato ta ba ta. Warin ƙasar yana nan yadda yake. Yarinya ta shanye tas, ta miƙo moɗa a ƙara mata.

Sai muryar tsohuwa ta fito daga wuyan yarinyar: "Kin gani? Ya shawu."

Ladingo ta durƙusa tana kuka. "Iya, ki yi wa Allah ki fito. Ga randa cike, duk naki ne. Ko ki dawo wuyana, ki bar min 'yata."

"Naki wuyan ma zan zo, kada ki damu. Shekaru nawa ina tsaye a ƙofofinku ina jiran a ga dama? Nan ciki kuwa ko motsi na yi, da gudu ake kawo min. Na samu gida."

Duk wanda ya sha da moɗar nan ya ɗauka, daga gidan Ƙishirwa ta bi gari, daga gari ta bi duniya. Tambai ta rayu, amma ba ta ƙara yin wuni guda ba tare da ta roƙi ruwa ba. Randunan Ladingo suka yi kasuwa fiye da da, don yanzu kowa na bukata, ita kuwa duk wadda ta gina sai ta ji kamar ta fasa. Baƙin cikin nan bai sake ta ba har ta mutu.

Shi ya sa har wa yau, ko kogi kuka shanye, tsohuwar lafawa kawai take yi, an jima ta farka. Shi ya sa kuma in baƙo ya yi sallama, ruwa ake fara miƙa masa, kowane iri ne a gidan, kafin a tambaye shi daga ina.